Samarin Aboabo na son a yi wa Kyaftin Traore alƙunut: me manya suka ce?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Mu samarin da ke zama shan ataya a layinmu na Aboabo a Kumasi, ƙasar Gana, mun yi shawara za mu sami liman mu roƙe shi ya sa Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso da Janar Tchiani na Nijar da Janar Goita na Mali cikin addu'ar Juma'a, in da hali ma a yi musu alƙunut. Musulmi ne, maƙwabtanmu ne, kuma su ne suka dubi Faransa ido cikin ido suka ce ta tattara sojojinta. Ta bar Mali a 2022, ta bar Burkina da Nijar a 2023, Amurka ma ta bar sansaninta na Agadas a 2024. Na ce kafin mu je bari mu ji ta bakin manya, kada a ce yara sun yi gaban kansu.

Direban Paga: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka taɓa ƙetare Paga, iyakarmu da Burkina, kuwa?

Ɗan Aboabo: Yaya, ba sai na ƙetare ba. Ranar 7 ga Janairun 2025 da aka rantsar da Shugaba Mahama a Ankara, babban birnin Gana, shugabanni nawa suka zo? Wa aka yi wa sowa har filin ya ɗauka? Traore ne, da kakinsa da bindigarsa a ƙugu. Kuma ba 'yan Zango kaɗai suka yi ihun ba. Jama'a sun gaji, shi ke nan.

Baba Mai Goro: Ɗana, irin wannan sowar na ji ta da kunnena tun ba a haifi Traore ba. Ranar 4 ga Yunin 1979 sojoji suka yi juyin mulki, Rawlings ya fito, matashi siriri, magana kamar wuta, ɗalibai na bin titi suna cewa a zubar da jini. Watan bai ƙare ba aka ɗaure tsofaffin shugabannin ƙasa uku aka harbe, Acheampong da Akuffo da Afrifa. Mutane suka ce madalla, ɓarayi sun ga ta kansu. To da aka gama da manya sai bulala ta juyo kasuwa. Kowa ya zama ɗan kalabule, wato mai ɓoye kaya don cin ƙazamar riba. Matar da ta isa ta haifi sojan, sai ka ga an kwantar da ita gaban rumfarta ana zane ta don an sami sabulu ko gwangwanin madara a ƙarƙashin teburinta. A tilasta maka sayar da kaya farashin kwantirol, ƙasa da yadda ka saro, kana kallo uwar kuɗinka na narkewa. A watan Agusta suka rushe kasuwar Makola ta Ankara. Su wa ke kasuwa a ƙasar nan? Mu ne da matan Tonawa da na Ankara. Bayan ya dawo ranar 31 ga Disamban 1981 kuma dokar hana fitar dare ta zo, akwai lokacin da Isha'i sai dai kowa ya yi a ɗakinsa. Ban ce Rawlings bai yi komai ba, daga baya Zango ta so shi ƙwarai. Amma wanda ya ga farkon abin ba ya gaggawar yi wa kaki tafi.

Ɗan Aboabo: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini haƙuri. Wa ya kori mutanen Zango daga ƙasar nan? Ba soja ba ne. Firaminista Busia ne, farar hula, ɗan boko, wanda aka zaɓa da ƙuri'a. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 ya ba da kwana 14 duk baƙo mara takarda ya fita. Kakata har ta rasu tana ba da labarin 'yan'uwanta da aka loda a akori-kura, waɗansu a nan Kumasi aka binne cibiyarsu, ba su san kowa a Sakkwato ko Doso ba. Dimokuraɗiyyar ce ta yi mana wannan.

Baba Mai Goro: Ina nan aka yi, ɗana. Na taya maƙwabta ɗaure kaya. Acheampong ya kifar da Busia a 1972, amma ni ban ga wanda soja ya kira ya mayar masa da gidansa ko shagonsa ba.

Anti Tica: Ɗan Aboabo, hujjarka ta 1969 mai ƙarfi ce, sai dai ka tsaya a tsakiyar labarin. Me ya biyo baya? Tun da aka koma zaɓe a 1992 Zango ta riƙe wannan abu a zuci, ta riƙa hukunta magadan Busia a akwatin zaɓe. Me kake jin ya sa NPP, jam'iyyar magadan nasa, ta kafa reshen Nasara musamman don Zango? Me ya sa Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama mataimaki, me ya sa Akufo-Addo ya buɗe ma'aikata da asusun raya Zango a 2017, har a 2024 suka tsayar da Bawumia? Bashin 1969 suke biya, kuma ƙuri'armu ce ta sa su biyan. Ko an yi aikin kirki da kuɗin asusun, wannan wata rigimar ce, ni ma ina da abin faɗa a kai. Amma sun ji tsoronmu. Yanzu ka faɗa mini da me mutumin Wagadugu zai tsorata Traore. Ya karɓi mulki ranar 30 ga Satumban 2022 da alkawarin zaɓe a Yulin 2024. Da lokacin ya matso aka tara taro aka ƙara masa shekara biyar. A Nijar an rantsar da Tchiani na shekara biyar a Maris 2025 tare da rushe jam'iyyu. A Mali an rushe jam'iyyu a Mayun 2025, aka ba Goita shekara biyar da za a iya sabuntawa. Mu kuwa a nan Bawumia ya kira Mahama ya taya shi murna washegarin zaɓe tun hukumar zaɓe ba ta gama ƙidaya ba.

Kawu Mai Albasa: Malama, duk na ji, amma ku bar ni in yi magana a matsayina na wanda uwarsa ke Nijar. Ba soja muka tashi muna so ba, ECOWAS ce ta koya mana son su. An yi wa Shugaba Bazoum juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023, cikin 'yan kwanaki aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, magani ya yi ƙaranci a asibiti. Motocin albasarmu ta Galmi suka maƙale a iyakar Benin, kaya na ruɓewa a cikin buhu, mai mota na jiran kuɗinsa, manomi na jiran nasa. Janar ɗin da ake so a hukunta shi ya rasa wutar lantarki? Tsohuwata ce ta kwana cikin duhu. Sannan a nan ƙasar tamu, a barikin Burma Camp na Ankara, hafsoshin ECOWAS suka zauna ranar 17 da 18 ga Agusta suna tsara ranar da za a kai wa Yamai hari. Ɗan Gana zai je ya harbi ɗan Nijar don a mayar da mutum ɗaya kan kujera! Daga ranar nan duk ɗan kasuwar albasa da na sani ya koma bayan Tchiani. Kuma wa ya kashe wutar? Malamai ne. Sheikh Bala Lau da tawagarsa suka je Yamai, Sarkin Musulmi ya je tare da Janar Abdulsalami, Sanusi ya je. To in malamai sun shiga a can, me ya hana limaminmu ya shiga a nan?

Malam Na Sawaba: Kawu, Allah ya saka da alheri, abin da ka faɗa kan takunkumin gaskiya ne, zalunci ne a kan talaka. Amma malaman da suka je Yamai sulhu suka je yi. Sun zauna da Tinubu, sun zauna da Tchiani, kowane ɓangare ya saurare su domin ba su zama 'yan amshin shatan kowa ba. Da a ce sun riga sun hau mumbari suna kiran sunan ɗaya da addu'ar nasara a kan ɗayan, da ba wanda zai buɗe musu ƙofa.

Samari, ku saurara. Alƙunut na musiba ana yin sa ne idan bala'i ya sauka kan al'umma. Bala'in kuwa ya sauka, ba mai musu. Ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, aka kewaye masallacin Fambita a yankin Tilaberi ana sallar Juma'a, aka kashe mutum 44. Ranar 25 ga Fabrairun 2024 a Burkina aka kai hari masallacin Natiaboani da asuba, a ranar kuma aka kai hari coci a Essakane. Mutanen garin Djibo na Burkina sun yi shekaru a kewaye, abinci sai da rakiyar soja ko jirgi. Waɗannan bayin Allah in kuka ce a yi musu alƙunut, ni zan riga ku zuwa gidan liman. Amma a kira sunan shugaba ɗaya ɗaya a mumbari, wannan siyasa ce, kuma ga abin da ya sa nake tsoronta.

Kun san Imam Mahmoud Dicko na Bamako. A 2020 shi ya tara jama'a dubbai a titi suna neman Shugaba Ibrahim Boubacar Keita ya sauka, har aka harbe mutane a kusa da masallacinsa na Badalabougou. Ranar 18 ga Agusta sojoji suka zo suka ɗauke Keita, suka ce sun ƙarasa aikin da jama'a suka fara. Guminsa suka hau. Da liman ya fara cewa a cika alkawarin mayar da mulki, sai ya zama abokin gaba. Ya tafi Aljeriya a Disamban 2023, ya kasa komawa gida, a Maris 2024 aka rushe ƙungiyar magoya bayansa. Malamin da ya fi kowa ƙarfi a Mali ke nan. Mai bindiga yana son malami muddin malamin na cewa amin. Ku dubi namu Sheikh Sharubutu, babban limamin Gana. Gwamnati nawa ta zo ta wuce yana nan, jam'iyyar NDC ta su Mahama ta durƙusa gabansa, NPP ta durƙusa, har coci ya shiga lokacin Ista a 2019 ba wanda ya iya ce masa uffan. Don bai taɓa ba wa wani ɗan mulki aron rawaninsa ba.

Ɗan Aboabo: Allah ya gafarta Malam, ai ana yi wa shugabanni addu'a a huɗuba kullum.

Malam Na Sawaba: Ana yi, cewa ake Allah ya shiryar da su ya ba su ikon adalci. Wannan kuwa zan yi wa Traore yau ma, har da Mahama da Tinubu. Ku abin da kuke nema liman ya sa hannu ne a kan cewa su ke da gaskiya.

Direban Paga: Bari in ba ku labarin hanya tunda ita ce gonata. Daga Paga ka shiga Dakola, Po, har Wagadugu, lafiya lau, gari na ci, ana gyara tituna, hoton Traore ko'ina. Wanda ya tsaya nan ya ɗauki bidiyo zai rantse ƙasar ta gyaru. Amma mai kaya zuwa Yamai fa? Tsohuwar hanyarmu ta Fada N'Gourma da Kantchari ba mai hankalin da zai bi ta shi kaɗai. Sai dai a bi Kaya, Dori, Tera, a ayari, soja gaba soja baya, kuma ba kai ke sa ranar tashi ba. Ka yi makonni a ajiye, guzuri ya ƙare, mai kaya na kiranka daga tashar jirgin ruwa ta Tema kamar kai ka hana. A hanya kana wuce ƙauyuka babu kowa, da gawarwakin motoci da aka ƙone. Mutum fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu a Burkina. Ga Bamako kuma, tun Satumban 2025 'yan ta'addan JNIM suka riƙa ƙone tankokin mai har aka rufe makarantu saboda rashin mai. Faransa ta tafi, madalla, ni ma ban yi kewarta ba. Amma hanyar ba ta buɗe ba.

Hajiya Mai Tumatir: Ni dai ku bar yaron nan haka, ba duka ya ɓata ba. Shekara da shekaru muna hawa mota mu je Burkina saro tumatir, mu da muke da ruwan sama fiye da nasu. Traore ya buɗe masana'antar tumatir a Bobo da wata a Yako a ƙarshen 2024. Mu namu kamfanin na Pwalugu da aka gina tun shekarun 1960 yana can ciyawa ta cinye shi, kowane zaɓe a yi mana alkawarin tada shi. Ranar da suka ce tumatirinsu na masana'antarsu ne, miyar Kumasi za ta gane kurenta. Wannan kam a yaba masa, kunya ce tamu. Sai dai ɗana, bidiyoyin da kake turo mana na cewa ya biya bashin ƙasarsa kaf, da na mawaƙan Amurka suna yi masa waƙa, jikata ta nuna mini da kwamfuta aka haɗa su. Ka rage.

Tsohon Saje: Na yi Laberiya da rundunar ECOMOG ta ECOWAS, na yi Lebanon, saboda haka zan yi magana a kan aikin da na sani. Rundunar da hafsoshinta suka koma ministoci, rabin hankalinta na kan fada, wa zai yi mata juyin mulki gobe. Gwanayen sojoji da kayan aiki masu kyau a babban birni ake ajiye su. Daji kuma a bar wa 'yan sa-kai na VDP, horo na 'yan makonni da bindiga. A Barsalogho, ranar 24 ga Agustan 2024, farar hula aka fitar suna haƙa ramukan tsaro aka zo aka buɗe musu wuta, fiye da ɗari suka mutu. Wanda ya yi ƙorafi kuma a sa masa kaki a tura shi fagen daga, har alƙalai da 'yan jarida, har tsohon ministan harkokin waje Ablasse Ouedraogo mai shekara 70.

Amma ban goyi bayan a juya musu baya ba. Iyakarmu da Burkina ta kai wajen kilomita 600. Togo ta sha hari tun ƙarshen 2021, Benin ta rasa sojoji 54 a rana ɗaya a Afrilun 2025, mu Allah ne ya tsare zuwa yanzu. Akufo-Addo ya je Washington a Disamban 2022 ya ce Burkina ta ɗauko sojojin hayar Rasha na Wagner ta ba su mahaƙar ma'adinai, Wagadugu ta kira jakadanmu, zumunci ya yi tsami. Mahama ya naɗa Gbevlo-Lartey wakili na musamman ga ƙasashen uku, ya zaga su da kansa a Maris 2025. Daidai ne. Gemun maƙwabci ya kama da wuta. A yi magana da su, a yi musayar bayanan sirri, kayansu su ci gaba da sauka a Tema. Abin da ba na so shi ne yaranmu na bariki su ji ana yi wa kyaftin sowa a Ankara su fara lissafi.

Bappa Na Tafo: Tun ɗazu ina karantawa ba wanda ya ambaci mutanena. Ɗan Aboabo, ka ce Musulmi ne. Fulanin da ake kashewa a Burkina ba Musulmi ba ne? 'Yan ta'adda su zo ruga su ce ka ba da ɗanka ko ka ba da shanu. Su tafi, 'yan sa-kai su zo su ce ka ciyar da 'yan ta'adda. Bidiyon Solenzo na Maris 2025 kowa ya gani, mata da yara da tsofaffi a ɗaure. Waɗanda suka tsere zuwa nan kuma, a Yulin 2023 an kwashe ɗaruruwa daga arewa aka mayar da su, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi magana. Ni a Tafo aka haife ni, aka haifi babana a ƙasar nan, amma na je yin katin ɗan ƙasa ana ganin hancina aka ce in kawo shaidar kakana. In liman ya kira sunan Traore da addu'ar nasara ina sahu, me zan ce? Amin?

Ɗan Aboabo: Bappa, wallahi ban yi tunanin wannan ba ta wajenku, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maganar sunaye a mumbari mun bar ta, zan gaya wa samari mu bi yadda Malam ya ce. Amma ban janye sauran ba. Anti Tica na cewa ƙuri'a. Wa ya tambaye mu a 2018 da majalisa ta amince da yarjejeniyar da ta ba sojojin Amurka damar amfani da wurare a ƙasar nan? Mutane sun yi zanga-zanga a Ankara, aka wuce da ita. Wa ya tambaye mu a 2016 da Mahama ya karɓi fursunoni biyu daga Guantanamo, ko a 2025 da ya karɓi 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro? NDC da NPP duk ɗaya ne a gaban Bature. Mun gama makaranta, muna tuƙa pragya mai ƙafa uku, waɗansunmu na ramin galamsey suna haƙar zinari ba izini, waɗansu sun bi Agadas sun nufi Libiya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai a ce mu yi haƙuri muna da tsarin mulki.

Anti Tica: Maganar aikin yi ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, ɗalibaina na cikin waɗanda ka lissafa. Amma na Guantanamo, mutum biyu 'yan ƙasa, mace da namiji, su ne suka kai gwamnati Kotun Ƙoli, a Yunin 2017 kotu ta ce an saɓa wa tsarin mulki tunda ba a kai yarjejeniyar majalisa ba. Suka koma gida suka kwana lafiya. Su kuma naka, da Faransa ta fita Rasha ta shigo, wa ya ga takardar da aka sa wa hannu? Nawa aka biya Wagner, da wane zinari? Kai ɗin nan da ka zagi jam'iyyu biyu da shugaban ƙasa yanzu da lambar wayarka a fili, gwada shi a Wagadugu.

Kawu Mai Albasa: Malama, yarjejeniyar yuraniyom da Faransa ma shekara hamsin ba wanda ya ga takardarta, ana haƙa a Arlit ƙauyukanmu na kunna aci-balbal. Aƙalla yanzu Somair, kamfanin haƙar yuraniyom ɗin, ta dawo hannun Nijar tun Yunin 2025.

Anti Tica: Ta dawo hannun gwamnati, Kawu. Ko ta iso hannun tsohuwarka, sai a ba mu lissafi, kuma babu majalisar da aka zaɓa da za ta nema. Bazoum fa? An tsare shi da matarsa fiye da shekara biyu ba a kai shi gaban alƙali ba. In ya ci amanar ƙasa a yi masa shari'a kowa ya ji.

Kawu Mai Albasa: Wannan kam ko a tasharmu an rabu biyu. Ni ina ganin a sake shi ya tafi, riƙon ba ya ƙara wa kowa komai. Amma ranar da ECOWAS ta sake cewa za ta rufe iyaka saboda shi, za ki same ni inda kika bar ni.